Tambaya da Amsa: Tirela Nawa Ce Ta Dace da Ƙaramar Tarakta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni manomi ne a yankin Saminaka. Na sayi ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 35, ina son in ba da a ƙera mini tirela don kwasar masara. Mai walda ya ce zai yi mini wadda za ta ɗauki buhu 40, kuma zai ɗaura ta a sama, wurin hannun garma na tsakiya, wai a nan tayoyi suka fi kama ƙasa. Hanyar gonata tana da gangara, kuma ɗana ne yake tuƙi, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, domin abubuwa biyun da mai waldan ya faɗa maka kowannensu yana iya cin ran direba.

Ba ƙarfin inji ake dubawa wajen auna tirela ba, nauyin taraktar ake dubawa, saboda jan kaya abu ne mai sauƙi, tsayar da shi a gangara shi ne aikin. Ƙa'idar da manyan kamfanonin tarakta suke rubutawa a littattafansu ita ce, tirelar da ba ta da birkin kanta kada nauyinta da na kayanta ya wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. Idan muka ɗauka taka tana da tan ɗaya da rabi, iyakarka ke nan kilo 2,250. Ka cire nauyin tirelar kanta, wanda zai kai kilo 600 zuwa 700, abin da ya rage bai wuce buhu 15 zuwa 16 na kilo 100 ba. Buhu 40 kuwa tan huɗu ne, kuma birkin irin waɗannan taraktoci a tayoyin baya kaɗai yake, saboda haka a gangara kayan ne za su riƙa tura taraktar har ta karkace.

A yi maka mai ƙafa biyu, tsawonta mita biyu da rabi zuwa uku, faɗinta kimanin mita ɗaya da rabi, kuma kada ta yi bisa. A sa aksul ɗin, wato ƙarfen da tayoyin suke jikinsa, ya ɗan koma baya da tsakiyar bodin, yadda wani ɓangare na nauyin zai sauka a kan ƙarfen ja, wato ƙarfen bayan tarakta da ake ɗaura tirela a jikinsa, ya danne tayoyin baya. Mai ƙafa huɗu ba ta ba tarakta wannan taimako, ga ta da wahalar komawa da baya a ƙuntataccen wuri. Aksul da boris da sifirin na tsohuwar ƙaramar motar kaya suna samuwa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma idan ka dace da wanda gangar birkinsa take da rai, ka biya a haɗa maka birkin. Ka kuma tuna cewa bodi mai tsawon mita uku, faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin rabin mita, idan aka cika shi da yashi ya haura tan uku da rabi, ko da ido bai ga yawan kayan ba.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, wato ɗaura tirela a sama. Wannan gurguwar fahimta ta zama ruwan dare, kusan kullum sai na ci karo da ita a bakin masu walda da direbobin haya, kuma kowa yana faɗarta da ƙarfin gwiwa kamar a makaranta ya karanto ta. A bayan kowace tarakta akwai ƙarfen ja da kamfani ya sa can ƙasa, ƙasa da tsayin aksul na baya, kuma ba don ado aka sauke shi can ba. Idan kaya yana ja daga wannan wuri, jan ba ya saurin ɗaga gaban tarakta, kuma idan kayan ya fi ƙarfinta, yawanci tayoyin baya ne za su yi ta juyawa a banza suna tona ƙasa. Idan kuwa aka ɗaura a saman aksul, ko a wurin fin ɗin hannun garma na tsakiya, ko aka naɗa sarƙa a jikin aksul ɗin, to jan kayan yana ɗaga gaban taraktar ne. Ranar da tirela ta kafe a taɓo ko a kwazazzabo, tayoyin baya suka kama ƙasa suka ƙi juyawa, ƙarfin inji ba shi da inda zai tafi sai ya juya gangar jikin taraktar a kan aksul. Sai ta miƙe tsaye kamar dokin da aka ja wa linzami, ta kife ta baya, direba yana ƙarƙashinta.

Masu binciken haɗarin tarakta sun auna saurin wannan abu: cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa tarakta tana iya kaiwa inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi kuma ta gama kifewa. Wanda yake cewa da ya ga gaba ya tashi zai taka kuloci, ko zai yi tsalle ya dira, yana yaudarar kansa ne, domin kafin ƙafarsa ta isa kuloci kujerar ta riga ta kwantar da shi. Gaskiya ne cewa ɗaurin sama yana ƙara wa tayoyin baya kamun ƙasa, kuma wannan ne ya sa ƙaryar take karɓuwa, amma nauyin da ya ƙaru a baya daga tayoyin gaba aka ɗebo shi, wato daga sitiyari. Shi ya sa za ka ga tarakta tana hawan tudu da kaya, gabanta yana ɗan tashi yana sauka, direba yana murɗa sitiyari tana tafiya inda ta ga dama.

Maganin da ake yi wa wannan ya fi cutar muni. Na sha ganin an ɗora yaro a kan bonet wai ya danne gaba, ko direba ya ja da baya sarƙa ta yi sako-sako, sannan ya ba ta wuta ya saki kuloci lokaci guda don ya fizge tirelar da ta kafe. Wannan fizga ita ce ainihin abin da yake kifar da tarakta. Idan gaba yana da sauƙi, akwai ƙarafan nauyi da ake ratayawa a gaba don wannan aiki, idan kuma tirela ta kafe, a sauke rabin kayan a fito da ita, asarar sa'a ɗaya ce kawai. Abin takaici shi ne duk wanda ya iya riƙe kan walda sai ya zama injiniya, ya huda inda ya so, ya liƙa ƙugiya inda ya so, ranar da abu ya faru kuma a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu da yin sababi, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ƙera masa abin da zai halaka ɗansa yana da tambayar da zai amsa.

Saboda haka ka koma wurin mai waldan ka gaya masa a auna tsayin wuyan tirelar daidai da ƙarfen ja na ƙasa, a sa fin na ainihi mai makulli a ƙarshensa, ba guntun rodi ba, a ƙara sarƙar tsaro da fitila ko abin ƙyalli a baya saboda tafiyar magariba. Idan ya ƙi, ka nemi wani. Ɗanka kuma ka koya masa ya haɗa matakan birki biyu, na hagu da na dama, da maratayinsu kafin ya hau titi, ya sauka gangara da giyar da zai hau ta da ita ba tare da taka kuloci ba, kuma kada ya ɗauki 'yan ƙwadago a saman buhuna ko a kan wuyan tirela. Idan taraktar tana da ƙarfen kariya a bisa kan direba, kada a yanke shi don ta shiga rumfa, kuma ya riƙa ɗaura bel.