Kogon matauni ya yi faɗi: ciko ko cirewa?

Malam, ka ce ƙwaro ya cinye rabin matauninka, cikon da aka yi ya faɗo sau biyu. Kada ka yi gaggawar cirewa. Tambayi likita kan abin da suke kira inle da onle. Ana ɗaukar awon haƙorin, a ƙera masa toshi na tangaran ko zinare, a manna. Inle cikin ramin kawai yake zama. Onle yana hawa har kan tudun da ya karye, kuma ba a fiƙe haƙori sosai kamar idan hula za a sa masa, wato murfin da ke rufe haƙorin gaba ɗaya. Yawanci zuwa biyu ne, ya fi ciko tsada. In jijiya ta taɓu, sai an fara gyara ta. Sashen haƙori na LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, yana Idi-Araba a Legas. Ka yi sammako, akwai layi.