Mai sansani a bakin kogin Luangwa yana son kaya bashi har Agusta, in ba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sari a Chipata, gabashin Zambiya, ina sayar da shinkafa, man girki, sabulu, tukwanen gas da batiran sola. Wani mai ƙaramin sansanin masu yawon buɗe ido a bakin kogin Luangwa, wanda ya saba sayayya a wurina kuɗi hannu, ya zo mini da magana biyu. Ko dai in ba shi kayan buɗe sansani a watan Afrilu ya biya a Agusta, ko kuma in bar kuɗin kayan su zama hannun jari, in riƙa karɓar kaso duk shekara. Ɗakuna huɗu gare shi, baƙinsa da dala suke biya. Abin zai ci kusan rabin jarina. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar hannun jari a ajiye ta gefe bana. Bashin ana iya tattaunawa, amma ba rabin jari ba, kuma ba a tashi ɗaya ba.

Ka san yadda shekara take a kwarin Luangwa, amma bari mu dube ta da idon mai lissafi. Damina can daga Nuwamba take har wajen Afrilu. Kogin ya cika ya malala, baƙar lakar wurin ta jiƙe, motar da ta shiga sai an jawo ta da tarakta. Manyan masaukai na kusa da Mfuwe, garin da ke ƙofar gandun dajin, suna aiki duk shekara, amma ƙananan sansanonin da ke can cikin gandun dajin Luangwa ta Kudu, mai faɗin murabba'in kilomita 9,050, rufewa suke yi. A ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba a kwashe gadaje, katifu, firji da famfo a kai ma'ajiya. Idan ruwa ya janye sai a koma a sake ginawa da ciyawa, zana da itace, a gyara hanya, a buɗe wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Tsohuwar sana'a ce a wurin. Tun 1950 Norman Carr, wani Bature mai kula da namun daji, ya shawo kan Sarki Nsefu ya ware wani yanki na ƙasarsa domin baƙi masu kallon namun daji, tun ma kafin a mai da dajin gandun ƙasa a 1972.

To, ɗakuna huɗu gadaje takwas ke nan. Daga Yuni zuwa Oktoba kwana 150 ne da 'yan kai. Ko da kowane gado ya samu mai kwana kullum, abin da ba ya faruwa, kwanan baƙi 1,200 ne iyakar abin da mutumin zai sayar a shekara. In rabi ya cika, 600. A cikin wannan zai fitar da la'adar kamfanonin da ke turo masa baƙi daga Turai da Amurka, wadda ba ƙarama ba ce, da kuɗin da hukumar gandun daji ke karɓa, da albashi, da man dizal, da gyaran motocin da hanya ke kakkaryawa, sannan ya ciyar da kansa da 'yan tsirarun ma'aikatan dindindin na wata bakwai ba ciniki. Kada farashin kwana ɗaya da dala ya rufe maka ido. Kamar mai noman rani a fadama yake, kaka ɗaya gare shi, kuma sai ya zuba kuɗi kafin ya ga ko kwabo.

Watan da ya zo gare ka shi ne watan da aljihunsa ya fi bushewa, wannan ba abin zargi ba ne. Abin tambaya shi ne kafin alƙalami. Baƙin irin waɗannan wurare ba sa faɗowa haka kawai. Watanni kafin tafiya, wani lokaci shekara guda, suke kama ɗaki su ba da wani abu, su cika sauran kafin su iso. Sansanin da ke da lafiya, a watan Afrilu ya riga ya san yawancin waɗanda za su kwana a cikinsa a Yuli da Agusta, kuma wani ɓangare na kuɗinsu yana hannu. Saboda haka ka ce ya buɗe maka littafin kama ɗaki, ka ga dararen da aka biya wa kafin alƙalami, ban da waɗanda aka ce "a riƙe mana". Idan littafin a cike yake amma ba shi da kuɗin shinkafa, ka tambaya ina kuɗin suka tafi. Sau da yawa bashin bara aka toshe da su, kai kuma kayanka za su toshe na bana. Idan littafin fayau yake, to Agustan da yake faɗa maka fata ce kawai, cinikin biri a sama. Mutumin da ya ƙi nuna littafi ya riga ya ba ka amsa.

Ka je ma'ajiyarsa ranar da za a buɗe ta. A nan za ka ga ainihin kuɗin buɗe sansani: katifa ta yi fumfuna, ɓera ya ci wayar firji, gara ta shiga ƙafar gado, batirin da aka bari ba caji wata biyar ya mutu murus. Sannan ka bi shi bakin kogin. Luangwa kogi ne mai sauya hanya, yana cin gaɓa ta wannan gefe yana tara yashi a wancan, har ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki. Bishiyar da aka kafa ɗakin cin abinci a inuwarta bara, bana tana iya kasancewa kwance cikin ruwa dorina na wanka kusa da ita. Mai hankali a wannan sana'a yakan ware kuɗin irin wannan ɓarna a lissafinsa. Ka tambaye shi nawa ya ware.

Wannan ne ya sa na ce a bar hannun jari. Me za ka mallaka? Ƙasar ba tasa ba ce, a cikin gandu take, da izinin hukumar gandun daji yake zaune na wasu shekaru ƙayyadaddu. Ginin ciyawa ne da ake rushewa duk shekara. Abin da ya rage mai daraja shi ne motoci, na'urorin sola, takardar izinin, da amanar da ke tsakaninsa da masu turo baƙi, ita kuwa amanar tana bin mutum ne, ba ta bin takardar kaso. A 2020, da korona ta tsayar da jirage, an ga yadda kaka guda take wucewa gadaje ba kowa. Mai bin bashi yana da abin da zai nema ko bayan shekara, mai hannun jari sai haƙuri. Akwai kuma abin da ba na so ka tsallake: a irin waɗannan sansanoni kuɗin kwana yakan haɗa da abinci da abin sha, giya na ciki. Mai sayar da shinkafa da gas bai shiga wannan ba, mai kaso a ribar ya shiga. Ka kai wa malaminka kafin ma a zo maganar kashi nawa.

Ga yadda zan tsara bashin da ni ne. Kayan ci da na wanki, waɗanda da an yi amfani da su sun tafi, kashin farko na Afrilu ya biya kuɗi hannu daga kafin alƙalamin baƙi, tunda ma'aikatan gini ne za su cinye su ba baƙi ba. Kashi na biyu, ana gab da buɗewa, ka ba shi ajalin wata ɗaya. Na uku ba ya fita daga shago sai na biyu ya shigo. Batira da firji kuwa, tunda suna daɗewa kuma ana iya sake sayar da su, su ne za ka iya ba da su har Agusta, da takarda a gaban lauya, da lambar kowane batir a rubuce, da jingina ko mai tsaya masa. Duka bashin da ke waje a kowane lokaci kada ya wuce abin da in ya maƙale shagonka zai ci gaba da sari. A ganina kashi ɗaya cikin goma na jari ya isa gwaji da mutumin da ba ka taɓa bin sa bashi ba.

Farashin ajali ka yanke shi tun ranar ciniki. Jumhurun malamai sun halatta kuɗin ajali ya ɗara na hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya kafin a rabu, kuma ba a ƙara komai in ya yi jinkiri. Ka sa motsin kwacha a lissafin. A farkon 2020 dala tana wajen kwacha 14, kafin shekarar ta ƙare ta haura 20, a 2022 ta sauko wajen 16, a 2024 ta wuce 27. Shi dala yake karɓa, kai kwacha za a ba ka, batirin da za ka sake sarowa kuma daga waje yake zuwa. Wata huɗu ya isa ya cinye ribar. Kafin ka rubuta farashi da dala a takarda, lauyan ya duba maka abin da dokar babban bankin ƙasar ta ce a kan cinikin cikin gida.

Ni inda na fi hango maka kuɗi ma ba a Afrilu ba ne. Daga Yuni zuwa Oktoba sansanonin kwarin kullum suna bukatar gas, busasshen abinci, sabulu da kayan gyaran famfo da sola, kuma kai kana Chipata, a bakin kwaltar da ta tafi Mfuwe. Ganye da tumatir ka bar wa masu lambun yankin, sun riga ka kuma sun fi ka kusa. Mota ɗaya a mako, sansani uku ko huɗu, biya duk ƙarshen wata, ya fi maka zuba rabin jari wuri guda. A Oktoba zafi yakan haura digiri 40, firji da batir suna yawan mutuwa, wanda yake da su a shago a lokacin shi ke faɗin farashi. Ka nemi wannan mutumin ya haɗa ka da maƙwabtansa a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar, kuma kafin ka sa hannu ka nemi wanda ya ba shi kaya bara, ka ji a wane wata aka gama biyansa.