Amsa ga ƙanwarmu kan maganar "mace maƙiyiyar mace"

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce haɗin kan mata zancen Turawa ne, wai mu nan mace ita ce maƙiyiyar mace. Ki yi haƙuri, ban yarda ba.

Dubi dai yadda ake haihuwa a nan Daura. Kafin miji ya dawo daga masallaci maƙwabta sun ɗora tukunyar ruwan wanka, wata ta dama kunun kanwa, wata ta kwashe yaran zuwa ɗakinta. Ranar suna ƙawar biki ta zo da gudummawarta, ke ma idan nata ya zo ki ƙara a kai ki mayar. Ga adashi, ba takarda ba shaida, amana kawai a hannun uwar adashi. Wane Bature ya koya mana wannan?

Kuma ba a girki da suna ya tsaya ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, da ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Takan naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa, jajin kuma ta koma ƙauyensu ta karantar da matan da ba su da halin zuwa makaranta. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka tana jam'iyyar NEPU kan matan Arewa su samu ƙuri'a. A Kudu ma, 1929 matan Aba suka taso wa Turawa a kan haraji. Farfesa Obioma Nnaemeka ta rubuta cewa matan Afirka da sulhu da dabara suke neman haƙƙinsu, ba tare da sun ware kansu daga maza ba.

To amma inda maganarki take da ƙamshin gaskiya, kuma yana ci mini rai, shi ne batun bazawara. Ranar bikinta mun cika gida da anko, ranar da aka miƙo mata takarda kowa ta ja jiki, har a fara tsoron ta shigo gidan wata saboda miji. Tana zaune da yara a ɗakin tsohuwa, mu ne masu gulmarta a wajen suna. Wallahi wannan namu ne, ba wanda ya ɗora mana.

Shi ya sa nake roƙo, adashin da za mu fara wata mai zuwa, kwasar farko a bai wa 'yar uwarmu da aurenta ya mutu ta sayi keken ɗinki. Ni na yarda in koma ta ƙarshe. Wadda ta amince ta yi magana kafin Juma'a.