Tankin Ruwa Zai Koya Maka Abin da Ke Cikin Aisi

Jiya da muna rufe shago ka tambaye ni: "Oga, tunda yanzu Arduino, ƙaramin bod ɗin nan da ake rubuta wa umarni, na yin komai, kuma in bod ya lalace canja shi ake yi, me zai sa in ɓata lokaci a kan ƙofofin nan na AND da OR?" Na ce ka bari sai na natsu, don ba tambayar da ake amsawa a tsaye da kwado a hannu ba ce. To ga amsarka, yarona.

Duk kayan dijital, daga agogon hannu har kwamfuta, hali biyu kawai suka sani: akwai wuta, babu wuta. Shi ne muke rubutawa 1 da 0. A aisi, wato ƙaramin abin nan mai ƙafafu da ke ɗauke da sakit a cikinsa, irin su 7400 masu cin bolt 5, abin da bai wuce bolt 0.8 ba sifili ne, abin da ya kai bolt 2 zuwa sama ɗaya ne. In ka ɗora mita ka ga ƙafa ta tsaya a tsakani, misali 1.4, ka tsaya ka bincika, don sau da yawa a nan cutar take ɓuya.

Su kuma ƙofofin, ai ka daɗe kana haɗa su da hannunka ba ka san sunansu ba. Makunni biyu a jere kan waya ɗaya, ƙwai ba zai kama ba sai an danna wannan da wancan, shi ne AND. Makunni biyu gefe da gefe, ko wanne aka danna ƙwai ya kama, shi ne OR. NOT juyawa take yi, a ba ta ɗaya ta fitar da sifili. Wani malamin lissafi ɗan Ingila, George Boole, ya tsara lissafin i da a'a cikin littafinsa na 1854, sai a 1937 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa wannan lissafin shi ne dai lissafin makunnai da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa ba hannu ba. Daga nan aka daina haɗa sakit da lalube, aka koma zana shi a takarda kafin a taɓa waya.

Bari in ba ka aikin da ake kawo mana kullum. Mai gida yana da rijiyar burtsatse da tanki a sama, ya gaji da ruwa na ambaliya a tsakar gida, yana so sumo ya riƙa tashi da kansa ya tsaya da kansa. Ka sa na'urar jin ruwa biyu a tankin, ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Wadda ruwa ya taɓa ta ba da 1, busasshiya ta ba da 0. Kafin ka kunna ayan ɗin dalma, ɗauki biro ka rubuta duk halin da zai iya faruwa. Huɗu ne kacal. Duka biyu a bushe, tanki ya ƙare, sumo ya tashi. Duka biyu a jiƙe, tanki ya cika, sumo ya tsaya. Waɗannan ko yaro ya sani.

Na uku shi ne wurin aikin. Ta ƙasa a jiƙe, ta sama a bushe, wato ruwa na tsakiya. Sumo ya tashi ko ya tsaya? In tanki cikowa yake yi, dole ya ci gaba. In kuwa amfani ake yi da ruwan yana sauka, dole ya yi shiru har sai ya kai ƙasa. Na'urorin biyu abu ɗaya suke faɗa maka a duka lokutan, amma amsar ta bambanta. Ke nan sai sakit ɗinka ya tuna abin da yake yi ɗazu. Wanda bai gane wannan ba, sai ya sa na'ura ɗaya a sama, sai sumo ya riƙa tashi yana mutuwa duk sanda aka ɗebi bokiti ɗaya, kafin a jima inji mai tsada ya ƙone.

Tunawar nan da ƙofar NAND biyu ake yin ta. NAND ita ce AND da aka juya amsarta: ba ta fitar da sifili sai ƙafafunta biyu duka sun samu ɗaya. Ka ɗauki mafitar ta farko ka kai mashigar ta biyu, mafitar ta biyu ka mayar mashigar ta farko. Shi ke nan, kowace ta riƙe 'yar'uwarta, abin da aka sa su a kai suna nan a kansa har a zo a canja. Ranar da na fara ganin ƙaramin ƙwai ya ci gaba da haske bayan na cire yatsana daga makunni, na daɗe ina kallonsa, don a ranar na fahimci cewa na'ura na iya riƙe abu.

Aisi guda, CD4011, yana da NAND huɗu a cikinsa. Ƙafa 14 gare shi, ta 14 ita ce wuta, ta 7 ita ce ƙasa, yana aiki daga bolt 3 zuwa 15. NAND biyu su yi maka tunawa. Ta uku ka haɗe ƙafafun shigarta wuri ɗaya ta zama NOT, ta juya saƙon na'urar sama. Ka lura, shi ma 7400 NAND huɗu ne, amma jerin ƙafafunsa ba ɗaya ba ne da na 4011, kada ka cire wannan ka dasa wancan ba ka duba takardarsa ba. Mafitar aisi kuma ba ta da ƙarfin jan rile, sai ka sa transista irin BC547 a tsakani, da dayod 1N4007 a kan koyil ɗin rilen, shi kuma rile ya ja kontakta, babban makunnin da ke kai wa sumo wuta.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi wasa da su. Kafasita 100nF kusa da ƙafar wuta. Sannan kada ka bar ƙafar shiga ko ɗaya a sake. Farkon fara sana'ata na haɗa wa wani bawan Allah irin wannan, na bar ƙafa ɗaya babu rezistar da za ta ja ta ƙasa. A shago lafiya lau. A gidansa kuwa, da an kai hannu kusa da akwatin sai rile ya hau ƙara, sumo ya tashi babu dalili. Sau uku ina komawa, mutumin bai ɗaga mini murya ba, amma har yau ina jin nauyin wahalar da na ba shi da iyalinsa.

Arduino da kake magana abu ne mai kyau, za mu zo kansa. Sai dai in ka zauna rubuta masa umarni, wannan jadawalin na hali huɗu shi za ka rubuta, kuma ƙafarsa ma in ka bar ta a sake haka za ta yi maka.

Saura hali na huɗu: ta sama a jiƙe, ta ƙasa a bushe. Ruwa ba ya yin haka, amma waya na tsinkewa, kuma in wayar na'urar ƙasa ta tsinke abin da sakit zai gani ke nan. A haɗin da na kwatanta maka, sumo zai ci gaba da turo ruwa alhali tanki ya cika. Akwai ƙofa ɗaya da ta rage a cikin aisin, ita kaɗai ta isa ta gyara wannan. Gobe da safe ka ɗauki 4011 ɗaya a durowar sama da allon gwaji, ka zo mini da jadawalinka a rubuce, ka nuna mini inda za ka sa ta.