Makarantar Kirista Ta Ce Ita Abokiyar Aikin Iyaye Ce: Me Ake Nufi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Ni 'yar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai. 'Yata za ta shiga CI, wato ajin farko na firamare, bana, sai maƙwabciyata ta ba ni shawarar in kai ta wata lakol ta Kirista da ke kusa da unguwarmu, don yaranta can suke kuma suna ƙoƙari. Na je na karɓo takardunsu. A ciki sun rubuta cewa su abokan aikin iyaye ne wajen tarbiyya. Maigidana ya ce daɗin baki ne kawai, ƙarshenta addinin yarinya za su taɓa. Mu Musulmi ne. Don Allah mece ce manufar irin waɗannan makarantu, kuma me suke so daga gare mu bayan kuɗin makaranta?

Wata uwa, daga Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka. Tun da fari bari ki san da wa kike magana: ni Kirista ce, kuma a irin waɗannan makarantu na yi yawancin aikina, tun daga riƙe ƙananan azuzuwa har zuwa shugabanci. Ki auna maganata da wannan a ranki. Abin da kika karanta a takardarsu ba daɗin baki ba ne, daga cikin addininsu ya fito. Amma tambayar Alhaji ma tana kan hanya, uban da bai yi ta ba shi zan fi yi wa mamaki.

Tushen abin shi ne, a koyarwar Kirista yaro ba na makaranta ba ne, ba na coci ba ne, ba kuma na gwamnati ba. Daga Allah ya zo, amanarsa kuwa iyaye aka ɗora wa. Zabura ta 127 ta ce 'ya'ya gado ne daga wurin Ubangiji. A cikin Attaura, littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 6, iyaye aka umarta su riƙa koya wa 'ya'yansu maganar Allah suna zaune a gida, suna tafe a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa ma ubanni ta kira, ta ce kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata, su goye su da horo da gargaɗi. Duk inda kika buɗe, gida ake yi wa magana. A 1965 babban taron shugabannin cocin Katolika da aka yi a Vatikan ya fitar da takarda kan ilimi, ya ce tunda iyaye ne suka haifi yaro, su ne malamansa na farko kuma su ne a gaba da kowa. Na san wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenki, don malamanku suna karanta hadisin da ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

To, idan makaranta ta yi imani da wannan, ba ta da ikon ta karɓi yarinya ta rufe ƙofa. Da yawa cikinmu mun ɗauki lakol kamar gidan riƙo: a kai yaro a watan Oktoba, a biya kuɗi, sai kuma ranar karɓar sakamako. Makarantar Kirista ta gaskiya ba ta yarda da wannan riƙon ba. Tana ganin kanta mai taya ki aikin da naki ne tun asali, ta koyar da abin da ba ki da lokaci ko ƙwarewar koyarwa, kamar lissafi da Faransanci da kimiyya, sannan ta ƙarfafa halin da kika shuka a gida.

Wane irin mutum suke son yarinyar ta zama? Abu na farko da ake cusa wa malami shi ne abin da ke surar farko ta littafin Farawa, cewa Allah ya ba kowane ɗan Adam daraja tun daga halittarsa, mace da namiji. Ma'anarsa a cikin aji ita ce ɗan minista da ɗan mai ga-ruwa benci ɗaya suke zama, hukunci ɗaya ake yi musu. Yaron da karatu ke yi wa wuya ba a tura shi can baya a manta da shi, ba a kuma kiransa daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa. 'Ya mace ba a ce mata ai aure za ki yi, wannan ya ishe ki. Akwai kuma aya a Linjilar Luka da malamai ke yawan komawa gare ta, wadda ta ce Yesu ya yi ta girma cikin hikima da tsayi da tagomashi wurin Allah da mutane. Daga nan aka ɗauko ra'ayin cewa maki kaɗai bai isa ba. Ana duban kai, ana duban lafiyar jiki, ana duban tsoron Allah, ana duban zama da jama'a. Shi ya sa za ki ga an tsananta kan gaskiya, har a hukunta satar amsa fiye da faɗuwa a jarrabawa, kuma uban da ya zo da ambulan don a gyara wa ɗansa maki ya koma da abinsa. Shi ya sa kuma ake sa yara su share ajinsu da kansu, kowa da ranarsa, komai arzikin gidansu.

Bari in nuna miki yadda haɗin kan yake a aikace. A wata makaranta da na riƙe, akwai yarinya a CE2, wato aji huɗu na firamare, mai kaifin kai, sai ta fara kifa kai a kan tebur da zarar an dawo daga shan iska. Rubutunta ya fara karkacewa, alƙalami yana zamewa daga layi. Malamar ajin ta rubuta wa gida saƙo a bayan littafinta, shiru. Maimakon ta ɗauki bulala, sai ta bi yarinyar gida bayan la'asar. Ta tarar uwar ta haihu, tana wankan jego, yarinyar nan ita ke wanke-wanke, ita ke goyon ƙaninta har dare ya raba, da asuba kuma ta kai ƙosai bakin titi kafin ta sa kayan lakol. Saƙon kuwa yana nan yadda aka rubuta shi, babu mai karanta Faransanci a gidan. Malamar ta zauna a tabarma ta yi barka, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Aka yi shawara da uban, ƙanwarsa ta zo ta kama aikin gida, aka cire tallan asuba, aka ware wa yarinyar lokaci bayan magariba ta yi karatu. Ba makarantar ce ta warware matsalar ba, iyayen ne. Abin da makarantar ta yi shi ne ta lura, ta tako, ta faɗa musu cikin mutunci.

Abin da za su so daga gare ki ke nan, kuma ya fi kuɗi nauyi. Ki zo taron iyaye, ki yi magana a ciki. Ki buɗe jakarta kowace yamma. Ko ba ki karanta Faransanci, jan biro da shafin da aka bari fari ba sa ɓuya. Idan an yi rasuwa, ko rashin lafiya, ko wani tashin hankali a gida, ki sanar da malama, don yaro da damuwarsa yake shiga aji. Idan yarinya ta kawo ƙarar malami, ki saurare ta da kyau, amma kada ki zage shi a gabanta, ki je ki ji ta bakinsa. Wayar hannu da talabijin da lokacin barci kuwa, waɗannan babu malamin da zai iya riƙe miki su.

Yanzu ga maganar Alhaji. Ba zan ce miki makarantar Kirista ba ruwanta da addini ba, don ba gaskiya ba ne. Za ki iya ganin gicciye a bango, ana iya buɗe safiya da gajeriyar addu'a, za a yi shagalin Kirsimeti. Amma ba duka suke ɗaya ba. Katolika sun kafa mishan ɗinsu na Yamai tun 1931, kuma makarantunsu, irin su kwalejin Mariama, sun yaye Musulmi masu ɗimbin yawa waɗanda suka shiga da addininsu suka fita da shi. Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar, don haka a yawancin waɗannan azuzuwa 'ya'yan Musulmi ne suka fi yawa. A makarantun Katolika da na sani, darasin addini na musamman yaran Kirista ake ware wa, sauran a yi musu darasin kyawawan halaye. Cocin nasu ma ya rubuta a hukumance, a taron nan na 1965, cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Makarantun cocin bishara kuwa, wasunsu suna karanta labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin yabo ga aji gaba ɗaya, kuma ba sa ɓoye cewa suna fatan yara su san Almasihu. Ke 'yar Tawa ce, kin san asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950: ana duba kowa ba tare da an tambayi addininsa ba, amma ba a ɓoye wa kowa cewa aikin Kirista ne. Makarantun ma haka ya kamata su kasance, a fili.

Ra'ayina a nan ba ya rawa. Makarantar da ta ce iyaye ne masu amana, sannan ta koya wa yarinya 'yar shekara 6 abin da ta ɓoye wa iyayenta, ta karya ƙa'idarta da hannunta, kuma a matsayina na Kirista ina ganin wannan cin amana ne. Saboda haka ki tambayi shugaban makarantar kai tsaye, ba kunya: wace addu'a ake yi da safe, kuma dole ne kowa ya furta ta? Akwai darasin Littafi Mai Tsarki, su wa ke zama a ciki, za a iya cire 'yata? Ana barin hijabi? Yaya ake yi da manyan yara ranar Juma'a da watan azumi? Ki nemi a nuna miki littafin da ake darasin halaye da shi. Wanda yake da gaskiya zai amsa ba kwana-kwana, ko da amsar ba ta yi miki daɗi ba. Ki kuma sani cewa ba za su koya mata Alƙur'ani ba. Wannan yana wuyanku, ki nema mata islamiyya ko makarantar allo, ki tsara lokacin yadda ba za ta jigata ba.

Ta fuskar karatu, duk makarantar kuɗi mai izini tana ƙarƙashin dokar ilimi ta ƙasa ta 1998, manhajar gwamnati take bi, jarrabawar BEPC da BAC, wato na kammala ƙaramar sakandare da babbar sakandare, ɗaya ce ga kowa. Ki nemi ganin takardar izinin, don akwai waɗanda suka liƙa sunan addini a allo alhali kasuwanci ne zalla, yara cunkushe a aji, malamai na jiran albashi wata da watanni. Malamin da bai ci abinci ba, ba zai bi yarinya gida ba.

Akwai wani gyara da nake ta faɗa wa 'yan'uwana masu makarantu. Ba a ce ana aiki tare da iyaye ba, sannan a yi taro daga farko har ƙarshe da Faransanci, iyaye mata na zaune a baya suna kallon baki. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, kuma tun kafin nan ma hankali ya isa ya nuna cewa a Yamai taron iyaye sai da Hausa da Zabarmanci. Ki tambaya da wane harshe suke taro, kuma ko malama za ta iya aiko miki saƙon murya ta WhatsApp maimakon rubutu. Ki tambaya game da duka ma. Akwai iyayen da ke ce wa malami, mushe, ga shi nan, in ya ƙi ka zane shi. Ni dai abin da na gani shi ne bulala tana koya wa yaro ɓoye laifi, ba barinsa ba, kuma makarantar da ta ɗauke ki abokiyar aiki za ta kira ki tun abin bai kai nan ba.

Kada ki yanke wannan shawara ke kaɗai. Ku je tare da Alhaji a ranar da ake karatu, ku tsaya ku ga yadda ake buɗe safiya, shi ya yi tambayoyin da bakinsa. Ku nemi iyaye Musulmi waɗanda yaransu suka daɗe a can, ba maƙwabciyarki kaɗai ba, ku ji ta bakinsu. Idan hankalinsa bai kwanta ba, kada ki matsa, don yarinyar da uwa ke ja nan uba ke ja can ita ke shan wahala, kuma akwai makarantun Faransanci da Larabci da na gwamnati da za ku iya dubawa. Idan kuwa kun yarda, ku yi rajista da wuri, don gurbin CI a makarantun da ake rububi ba ya jiran Oktoba.