Tambaya da Amsa: Ɗalibaina Suna Son Yin Fim, Ba Mu da Kyamara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Kano. An ɗora mini kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, yara kuma sun dage sai an koya musu shirya fim. Abin da muke da shi wayata ce da ta wani malami. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wayoyin nan biyu sun ishe ki zango guda cur. Ita kanta Kannywood daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin naku ta taso, wajen 1990, lokacin da 'yan Tumbin Giwa suka ɗauki wasansu a kaset ɗin bidiyo. Hoton wayarki ya fi na kyamarar wancan zamani kyau nesa ba kusa ba.

Shawarata ta farko, ki hana su magana. Ki ba su labarin minti ɗaya: ɗaliba ta shigo aji, ta duba jakarta ba ta ga bironta ba, ta yi ta nema, can ta hango shi a hannun ƙawarta. Su ɗauke shi kashi biyar zuwa shida ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Hoto na nesa da zai nuna ajin duka, na kusa da zai nuna hannu yana lalube a jaka, sai na fuska. Yaranmu sun saba da fim ɗin da mutum biyu za su zauna a falo su faɗi komai da baki, don haka wannan darasi zai yi musu wuya, shi ya sa nake so ki fara da shi.

A riƙa kwantar da wayar, a jingina ta da littattafai idan babu abin kafa ta. Taga ta kasance a bayan mai ɗauka, in ba haka ba fuskar mai wasa za ta yi baƙi ƙirin. A waje kuwa, da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido.

Idan aka zo ga magana, a nan waya ta biyu za ta yi amfani. Ki kunna naɗar murya, ki sa ta a aljihun mai wasa ko ki ɓoye ta kan tebur kusa da shi. A kashe fanka, a nisanci janareta. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara. Da wannan tafi za ku daidaita murya da hoto a manhajar tace bidiyo ta waya, irin su CapCut ko KineMaster. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba ya zama ga fim ɗin da ba a jin abin da ake faɗa.

Za ki ga kowa jarumi yake so ya zama. Ki riƙa juya aikin: darakta a yau, mai riƙe waya gobe. Ki ware mutum ɗaya da littafi yana rubuta launin hijabin da aka sa da hannun da aka riƙe biro, kada gobe a ci gaba da ɗauka a ga kaya sun canza.

Abin da ba na so ki yi wasa da shi shi ne yardar iyaye. Ki nemi izininsu a rubuce, musamman na 'yan mata, kuma kada fim ya hau TikTok ko Facebook sai da saninsu da na shugaban makaranta. A fara haska shi ranar taron iyaye da malamai. Wanda kika ga abin ya shiga ransa, ki gaya masa akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, inda zai iya neman gurbi idan ya gama sakandare.