Me ya sa hafis ta farka a farantinka?

Ɗana, ka ce kun sa ƙwayar hafis (bairos ɗin herpes simplex, mai kawo ƙuraje a leɓe ko al'aura) a tantanin jijiya da kuke reno a faranti, tare da asiklobir, maganin da ke hana ta hayayyafa, kuka janye maganin, ta yi lamo kwana da kwanaki, sai ranar da aka sauya ruwan reno ta tashi. Kana tambaya ko ƙwayar ce ta sauya hali. Ƙwayar tana nan yadda take. Jijiyar za ka tuhuma.

Fara da yadda take kwanciya. Hafis mai lamba 1 takan shiga ta leɓe ko cikin baki, ta bi zaren jijiya har curin jijiyoyin fuska da ke gindin ƙwaƙwalwa, mai lamba 2 kuwa ta fi sauka a curin da ke ƙasan gadon baya. Tafiyar nan tana da nisa, kuma furotin ɗinta VP16, wanda shi ke kunna ƙwayoyin gadonta na farko, ba ya isa cibiyar tantanin da yawa. Ko ya isa ma, ba ya aiki shi kaɗai, sai da furotin biyu na mai masauki, HCF-1 da Oct-1. A tantanin jijiya kuwa HCF-1 a wajen cibiya yake zaune. Ka ga tun a ƙofa an kashe mata kaifi.

DNA ɗin hafis sai ya naɗe ya zama zobe, ya zauna a cibiya ba tare da ya shiga cikin namu ba. Tantanin ya kawo histon, furotin da ake naɗa DNA a jikinsa, ya nannaɗe shi kamar zare a kwarkwaro, ya buga wa histon ɗin alamun wani ɗan sinadari mai suna metil, wato H3K9me3 da H3K27me3, waɗanda yake kulle nasa ƙwayoyin gadon da su. Cikin ƙwayoyin gado kusan 80, abin da ake karantawa da yawa shi ne LAT, wani RNA da hafis ke fitarwa tana barci, wanda Jack Stevens da abokan aikinsa suka bayyana a 1987. Jijiya ma tana da nata ƙaramin RNA, miR-138, mai danne ICP0, wani furotin da hafis ke buƙata don ta miƙe. Shi ya sa asiklobir ba ya kawar da ita: sai wani sinadarin ƙwayar ya kunna maganin, maganin kuma kwafar DNA yake tsayarwa, mai barci kuwa ba ta kwafar komai.

Abin da sababbin hannu suka fi mantawa shi ne wannan kulle ba na dindindin ba ne, kullum jijiyar ke riƙe da shi. Tana riƙewa ne muddin saƙon NGF, furotin da ke raya ta, yana shigowa ta hanyar PI3K da Akt, furotin masu isar da saƙo a cikin tantani. Tun 1987 Wilcox da Johnson suka nuna cewa cire NGF kaɗai ya isa ya tashi hafis daga barci. Jijiya in ta ji wuya takan kunna DLK da JNK, furotin masu kai saƙon wuya, su kuma su sa a ɗora wata alamar, fosfet, a gefen metil ɗin histon. Metil yana nan bai goge ba, amma ƙulli ya saki, ƙwayoyin gadon hafis su fara fitowa a hargitse. Wannan shi ne mataki na farko, kuma sau da yawa nan abin yake tsayawa, ta koma barci. Sai an ƙera sabon VP16, ya shiga cibiya tare da HCF-1, an goge metil ɗin, sannan a samu cikakkiyar ƙwaya mai kamawa. A jikin mutum zazzaɓi, zafin rana, rauni da sinadaran damuwa su ke taɓa wannan hanya, ga kuma sojojin jini CD8 da ke kewaye da jijiyar suna tsaro, waɗanda farantinka ba shi da su.

To, koma ka duba ko an sa NGF a sabon ruwan, kuma ko bai lalace a ajiya ba. Duba tsawon lokacin da faranti ya yi a wajen na'urar reno, da ƙarfin da aka zuba ruwan, don zaren jijiya in ya tsinke DLK yake tayarwa. A gwaji na gaba ka ware faranti guda ka sa masa maganin toshe JNK. Kuma ka ɗebi samfuri tun a rana ta farko, kada ka jira sai ƙwaya ta bayyana a ruwa, in ba haka ba matakin farko zai wuce ba ka gan shi ba.